Wa Ke da Crash? Mallakar Jaruman Wasannin Bidiyo Bayan an Raba Gari

 

Na san a cikin dattawanmu akwai wanda ya ji taken wannan lacca ya ce a ransa, yanzu a kan wasan yara za a tara mu? Ina roƙon a ba ni aron kunne na ɗan lokaci. Abin da zan yi magana a kai tsohuwar magana ce da kowa ya sani a kasuwa da gona, wato maganar wanda ya yi gumi da wanda ya zuba jari, da kuma abin da kowa ke tashi da shi ranar da zama ya ƙi. Na zaɓi wasannin bidiyo ne saboda a can rigimar ta fi fitowa fili, kuma kuɗin da ke ciki ya kai a tsaya a duba.

A wannan sana'a ɓangare biyu ne. Akwai maƙera, su ne masu zane da masu rubuta umarnin kwamfuta da masu tsara labari da kiɗa, waɗanda ke kwana a ofis har wasa ya tsaya da ƙafarsa. Akwai kuma masu fitarwa, su ne ke ba da kuɗin aiki, su yi talla, su kai kaya kasuwa. Muddin ana ɗasawa, ba mai tambayar wa ke da me. Sai ranar da aka ɓata, ko aka sayar da ɗaya daga cikin kamfanonin, sannan a jawo tsohuwar takarda a karkaɗe mata ƙura.

Bari mu fara da Crash Bandicoot, domin da yawa daga cikinku kun buga shi a shagunan gem na unguwa, a tsohuwar PlayStation ta farko: wannan ɗan dabba mai launin ruwan lemo da shuɗin wando, mai juyi kamar guguwa yana fasa akwatuna. Wasu matasa biyu 'yan Amurka, Andy Gavin da Jason Rubin, su ne masu kamfanin Naughty Dog da ya ƙera shi. A 1994 ba su da ƙarfin aljihu, sai suka ƙulla yarjejeniyar wasanni uku da reshen wasanni na kamfanin fina-finai na Universal. Universal ya ba su kuɗi, ya ba su wurin aiki a harabarsa. A 1996 Crash ya fito, Sony ya ɗauki nauyin rarraba shi, ya samu karɓuwar da har duniya ta ɗauke shi a matsayin fuskar PlayStation, kamar yadda Mario yake ga Nintendo. Naughty Dog suka yi na biyu a 1997, na uku a 1998, da na tseren motoci a 1999.

Duk tsawon wannan lokaci Crash ba na Naughty Dog ba ne, ba kuma na Sony ba. Na Universal ne, domin haka takarda ta ce. Da yarjejeniya ta ƙare, maƙeran suka tattara kayansu suka fita, suka bar shi a can. A 2001 Sony ya sayi kamfanin Naughty Dog ɗungurungum, amma abin da ya saya mutane ne da basirarsu, Crash ba ya cikin cinikin. Dole suka zauna suka ƙirƙiro sababbin jarumai, Jak da Daxter. Shi kuwa Crash, aka shiga miƙa shi hannun maƙera daban-daban, har a 2002 ya bayyana a Xbox da GameCube, na'urorin abokan hamayyar gidan da ya yi suna a cikinsa.

Ku bi sawun takardar ku ga inda ta je. Reshen wasanni na Universal ya faɗa hannun kamfanin Vivendi na Faransa. A 2008 reshen Vivendi ya haɗe da Activision. Daga wannan shekara Crash ya yi kusan shekara tara ba a yi masa wani babban sabon wasa ba, yana ajiye kamar tsohuwar riga a ƙasan adaka. A cikin wannan tsakani ne, a 2016, Naughty Dog suka so su sa ɗan guntun wasan Crash na asali a cikin sabon wasansu, Uncharted 4, don tunawa da mafarinsu. Sai da suka nemi izinin Activision. Wannan wuri yana taɓa mini zuciya ƙwarai, a ce gidan da ya haifi abu sai ya yi sallama a ƙofar wani kafin ya nuna wa mutane hoton ɗansa. A 2017 Activision ya sabunta wasanni ukun farko ya fitar da su a haɗe, cikin shekara biyu aka sayar da fiye da kwafi miliyan 10. A watan Oktoba na 2023 kuma Microsoft, mai Xbox, ya kammala sayen Activision Blizzard a kan kimanin dala biliyan 69. Saboda haka amsar tambayar da ke cikin taken wannan lacca ita ce Microsoft. Ɗan dabbar da aka yi tallar PlayStation da shi yau dukiyar babban abokin hamayyar PlayStation ne. Spyro, ɗan dodon nan mai launin shunayya da kamfanin Insomniac ya ƙera a 1998, shi ma hanyar da ya bi ke nan, tun daga Universal har Microsoft.

Wani zai ce ai wannan kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, amma kada mu yi saurin yanke hukunci, domin mai jari ma yana da hujja, kuma hujjarsa ba ƙarama ba ce. Ƙera babban wasa a yau yana cin shekara huɗu, biyar, da ɗaruruwan ma'aikata. Takardun da Sony ya gabatar a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna cewa The Last of Us Part II, wanda Naughty Dog ɗin nan suka ƙera, ya ci kimanin dala miliyan 220. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi tun kafin a ga ko hoto ɗaya, idan wasa ya faɗi, shi ke kwana da asara. Maƙera sun riga sun karɓi albashinsu. Don haka yake cewa, tunda ni na ɗauki kasadar, abin da ya yi nasara ya zama nawa, in rufe ramin waɗanda suka faɗi. Su ma maƙeran ba a ɗaure su aka sa su sa hannu ba. Sun karɓi kafin alƙalami, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Dokar Amurka, inda aka ƙulla yawancin waɗannan yarjejeniyoyi, ta ƙara wa mai jari ƙarfi. A dokar haƙƙin mallaka ta 1976 akwai abin da za mu kira aikin ƙodago. Abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa, doka tana ɗaukar kamfani a matsayin wanda ya ƙirƙire shi tun asali, kamar ma'aikacin bai taɓa wanzuwa ba. Marubucin da ya sayar da haƙƙin littafinsa yana da damar karɓo abinsa bayan shekara 35, amma wannan ƙofa a rufe take ga aikin ƙodago, kuma kariyar tana kai wa shekara 95 daga ranar fitarwa. Ku lissafa da kanku, 1996 a ƙara 95. Ba wanda ya zana Crash da zai ga ƙarshen wannan wa'adi.

Labari na biyu ya fi na farko sarƙaƙiya, kuma shi ne ya fi nuna yadda ake rabon. A wani ƙauye a Ingila mai suna Twycross akwai kamfanin Rare, na wasu 'yan'uwa biyu, Tim da Chris Stamper. Nintendo na Japan ya yarda da su har ya damƙa musu ɗaya daga cikin manyan kadarorinsa, gwaggon birin nan Donkey Kong wanda Shigeru Miyamoto ya ƙirƙira a 1981. A 1994 suka fitar da Donkey Kong Country, aka sayar da fiye da miliyan 9. A cikinsa suka ƙirƙiro sababbin jarumai da hannunsu: ƙaramin biri Diddy Kong, da sarkin kadoji King K. Rool, daga baya kuma Dixie. A gefe guda suna ƙera nasu na kansu, irin su Banjo da Kazooie, da kuregen nan Conker, da Joanna Dark. Nintendo ya mallaki kashi 49 cikin ɗari na kamfanin.

A watan Satumba na 2002 Microsoft ya sayi Rare a kan dala miliyan 375, aka zo rabon kaya. Banjo, Conker da Joanna Dark suka bi Rare zuwa gidan Microsoft. Diddy, Dixie da K. Rool suka zauna a gidan Nintendo, duk da cewa a Twycross aka zana su. Dalili shi ne an ƙirƙire su a cikin duniyar Donkey Kong, kuma wanda ya gina ɗaki a filin wani ya san ranar tashi ba zai ɗauki ɗakin a ka ba. Akwai ma wata jaruma, Krystal, wadda Rare suka ƙirƙira don wasansu na kansu mai suna Dinosaur Planet. Nintendo ya nemi a mayar da wasan ya shiga jerin Star Fox, suka yarda, ya fito a 2002 da sunan Star Fox Adventures. Da wannan sauyin suna Krystal ta tashi daga hannunsu.

Ga wani ɗan ƙaramin abu da ke nuna yadda rabon ke yanka har cikin nama. A 1997 Rare sun yi wasan tsere, Diddy Kong Racing, inda Diddy da Banjo da Conker ke tsere tare. A 2007 aka sabunta shi don ƙaramar na'urar Nintendo DS, kuma Rare ɗin ne suka yi aikin. Amma babu Banjo, babu Conker, an cike gurbinsu da wasu birai na gidan Nintendo. Sai a 2019, da yardar Microsoft, Banjo da Kazooie suka sake leƙa gidan Nintendo a matsayin baƙi, a wasan Super Smash Bros. Ultimate. Wasansu na kansu kuwa, rabon da a yi sabo tun 2008. Wasu tsofaffin ma'aikatan Rare da suka gaji da jira sun fita sun kafa Playtonic, suka nemi gudummawar jama'a ta intanet a 2015, aka tara musu sama da fam miliyan 2, suka ƙera wasa irin na Banjo amma da hawainiya da jemage, Yooka da Laylee, saboda hannun nasu ne, sunan kuwa na wani.

Abin lura a nan shi ne, a idon doka jarumin wasa kamar saniyar watanda yake, ana iya kasa shi kashi-kashi. Suna kashi ne, ana yi masa rajista a matsayin alamar kasuwanci. Sura da labari kashi ne. Rubutun umarnin da ke motsa wasan kashi ne. Izinin sayar da tsofaffin wasannin ma kashi ne mai zaman kansa. Masoya ƙwallo a cikinku za su gane wannan da labarin Championship Manager, wanda 'yan'uwa biyu, Paul da Oliver Collyer, suka fara a 1992. Da kamfaninsu, Sports Interactive, ya rabu da mai fitar musu da wasan, Eidos, a 2003, Eidos ya riƙe sunan, su kuma suka tafi da rubutun umarnin da rumbun bayanan 'yan wasa. Suka koma wa Sega, suka fito da Football Manager a ƙarshen 2004. Jama'a suka bi aikin suka bar sunan. Championship Manager ya yi ta jan ƙafa har ya ɓace, Football Manager kuwa ya zama sarkin fagen. A wannan watanda wanda ya ɗauki kai ne ya yi asara.

Har yanzu kamfani da kamfani muke magana. Idan aka sauko kan mutum ɗaya, abin ya fi ciwo. Toby Gard ne ya zana Lara Croft a kamfanin Core Design da ke Derby, wasan Tomb Raider ya fito a 1996, a 1997 ya ajiye aiki ya fita ba tare da ita ba. A 2003 Eidos, mai kamfanin Core, ya ƙwace ta daga Core ɗin ma, ya miƙa wa wasu maƙera a Amurka. Hideo Kojima ya shiga Konami a 1986, ya fito da Metal Gear a 1987, ya yi kusan shekara talatin yana renon jarumin wasan, Snake, a 2015 ya fita, Snake yana nan a Konami. Marubucin wasan Max Payne, ɗan ƙasar Finlan, Sam Lake, fuskarsa ce aka ɗora wa jarumin a wasan farko na 2001, amma a 2002 aka sayar da haƙƙin ga Take-Two. Ko da kamfanin maƙera ya riƙe abinsa, wanda ya riƙe fensir bai riƙe komai ba.

Ba kowa ne ya tashi hannu rabbana ba, kuma waɗanda suka tsira duk da darasi suka tsira. Bungie sun ƙera Halo a ƙarƙashin Microsoft, da suka nemi 'yancinsu a 2007 suka bar Halo a matsayin kuɗin fansa. Da suka zo ƙulla yarjejeniya da Activision a 2010 a kan Destiny, sai suka kafe a rubuta cewa mallaka tasu ce. Aka rabu a farkon 2019, suka fita da abinsu. IO Interactive na Denmak, da Square Enix ya yanke shawarar rabuwa da su a 2017, shugabannin kamfanin suka fanshi kansu tare da wasansu Hitman, a 2021 suka fitar da na uku da kansu. Remedy, waɗanda suka ƙera Max Payne suka sayar, sun riƙe mallakar Alan Wake tun farko, suka karɓo izinin fitar da shi daga Microsoft a 2019, a 2024 kuma suka biya yuro miliyan 17 suka sayi sauran haƙƙin wasansu Control daga abokin hulɗarsu. Kojima ma, a ƙarshen 2024 kamfaninsa ya sanar da cewa wasan Death Stranding ya zama nasa gaba ɗaya. Dukkansu sai da aka taɓa cizonsu sau ɗaya.

Akwai kuma marayu, kuma su ne suka sa na ce tsarin nan yana da ɓaraka. A shekarar 2000 kamfanin Monolith ya ƙera No One Lives Forever, labarin wata 'yar leƙen asiri mai suna Cate Archer, Fox Interactive ya fitar. Masana wasanni sun yaba shi ƙwarai. Daga nan aka shiga saye da sayarwa: reshen Fox ya koma Vivendi, Vivendi ya haɗe da Activision, Monolith kuma Warner Bros. ya saye shi. A 2014 wani ƙaramin kamfani mai farfaɗo da tsofaffin wasanni, Nightdive, ya nemi ya dawo da shi kasuwa, da kuɗinsa a hannu. Kamar yadda mutanen Nightdive suka ba da labari, kowane kamfani cewa ya yi mai yiwuwa yana da haƙƙi a ciki, amma tabbatarwa sai an tono tsofaffin takardu, kuma ba wanda ya ga ribar tonowa. Ba wanda ya ce nawa ne ga farashi, ba kuma wanda ya ce ba nawa ba ne ku ɗauka. Aka watsar da maganar. A 2025 aka rufe Monolith ɗin ma. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Dalilan suna da yawa, amma ruɗanin mallaka na cikinsu.

To, ga matsayina. Mai jari ya cancanci ya mayar da kuɗinsa, ya ci riba mai kauri, har ya riƙe jarumin muddin yana aiki da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kuɗin shekara uku su sayi mallakar shekara 95, har a kulle abu a sito, mai shi bai amfana ba, wanda ya ƙera bai amfana ba, jama'a ba su gani ba. Makiyayanmu sun daɗe da samun mafita ga irin wannan. A cikin Fulanin Nijar akwai al'adar haɓɓanaye: mutum ya ba ɗan'uwansa karsana, ya yi kiwonta, ya sha nononta, ya riƙe 'yan maruƙan da ta haifa gwargwadon alkawari, sannan uwar ta koma garken da ta fito. Haka ya kamata yarjejeniyar maƙeri da mai fitarwa ta kasance. A ba mai jari lasisi mai wa'adi, ya kwashi maruƙansa, idan wa'adi ya cika, ko ya yi shekaru bai taɓa jarumin ba, uwa ta koma gida.

Yanzu na juyo gare ku, matasa. A cikinku akwai masu koyon rubuta manhaja, akwai masu zanen katun, akwai masu rubuta littafi a waya suna rarrabawa, akwai masu shirya fim mai dogon zango a YouTube. Gavin da Rubin ma a 1994 haka suke, basira ta yi yawa, aljihu babu nauyi. Wata rana wani zai zo muku da kuɗi da fara'a, daga Legas ko daga ƙetare, kuma a ranar jarumin da kuka ƙirƙira ba zai yi kama da abin da za a yi rigima a kansa ba. Crash ma a ranar sa hannu ko suna bai samu ba.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce miƙa haƙƙin mallaka ga wani ba ya inganta sai a rubuce. Wannan kariya ce gare ku, amma tana nufin abin da kuka sa wa hannu shi zai kama ku. Ta fuskar addini ma, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin ƙirƙira da sunan kasuwanci dukiya ce da shari'a ke karewa. Kuma kun san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Saboda haka neman a rubuta ba rashin yarda ba ne, kada kunya ta hana ku.

Idan takarda ta zo, kada ku fara duba adadin kuɗin. Ku nemi layin da ya faɗi wa ke da suna da sura da labari, ku tambaya sayarwa ce ko haya, in haya ce ta shekara nawa. Ku tambayi abin da zai faru idan aka sayar da kamfanin ga wanda ba ku taɓa gani ba, domin mun ga Crash ya sauya iyayengiji har sau uku ba tare da an shawarci waɗanda suka ƙera shi ba. Ku nemi a rubuta cewa idan an ajiye aikinku shekara kaza ba a yi komai da shi ba, zai dawo hannunku. Ku kai wa lauya ya karanta, ko da kuɗin lauyan zai ci wani abu daga kafin alƙalamin. Iyaye kuma, idan ɗanku ya zo da irin wannan takarda yana rawar jiki, ku zaunar da shi, ku sa ya kwana a kanta kafin ya sa hannu.